Daga Kaduna zuwa Badagry: hanya, masauki da wuraren da ya kamata ka taka

Ma'aikatan gwamnati da yawa a Kaduna sun san Badagry saboda kwas ɗin ASCON, kwalejin horar da ma'aikatan gwamnati da ke Topo, ɗaliban Faransanci kuma saboda Ƙauyen Faransanci na Ajara, inda ake tura su su goge baki. Amma tambayi mutum me ya gani a garin, sai ya ce maka aji, da ɗakin kwana, da kasuwar da ya sayo kwakwa ranar dawowa. Ni ma kwas ne ya fara kai ni, daga baya na riƙa komawa don kaina, har da iyali. Abin da zan shimfiɗa a nan shi ne yadda nake tsara tafiyar, don wanda zai tashi takanas daga Kaduna ya ga teku, ya kuma ga wani yanki na tarihi da Hausawa ke cikinsa tsundum, ko da yake ba a cika faɗa mana ba.

Fara da sanin yadda wurin yake kwance. Badagry na can ƙarshen yammacin jihar Legas, kilomita 50 da ɗoriya daga tashar Mile 2 ta Legas, daga garin zuwa Seme, iyakarmu da Jamhuriyar Benin, kuma wajen kilomita 20 ne. Garin kansa ba a bakin teku yake ba, wannan shi ne abin da ke fara rikita baƙo. Ruwan da za ka gani a titin Marina wani dogon gulbi ne mai kwanciyar hankali, wanda ya miƙo daga Porto-Novo ta Jamhuriyar Benin ya nufi Legas. Tekun yana bayansa, tsakaninsu akwai siririn tudun yashi cike da bishiyar kwakwa. Kafin ka ga Atlantika sai ka haye wannan gulbin, ko da jirgin ruwa zuwa Gberefu, ko da mota ta gadar Gbaji a hanyar Seme. Mutanen garin Ogu ne, waɗanda aka fi sani da Egun, tare da Yarabawa Awori, sarkinsu kuma Akran ake ce masa. Yarabanci da Turancin buroka za su kai ka ko'ina.

Lokacin zuwa daga Nuwamba ne zuwa Fabrairu. Daminar can tana kankama tun Afrilu, ta fi ƙarfi a Yuni, ta ɗan sarara a Agusta, sannan ta dawo Satumba da Oktoba. Ruwan Yuni na Legas yana iya cinye maka yini guda kana zaune a ɗaki. Kada ka ɗauki rigar sanyi don ka baro hunturu a Kaduna, can ɗan hazo kawai za ka gani, zafin kuma mai laima ne, gumi ba ya bushewa a jiki. Shadda mai sitaci da babbar riga su zauna a gida. Ɗauki yadi mara nauyi, da silifa ko takalmin da ba ka jin ƙyashin ya sha yashi da ruwan gishiri, da malafa ko laima, da maganin sauro na shafawa. Mata su zaɓi hijabi mai shara-shara wanda bai kai ƙasa sosai ba, saboda shiga jirgin ruwa da fitowa.

Hanyar ita ce wahalar tafiyar gaba ɗaya. Mai hali ya hau jirgin sama daga Kaduna idan akwai mai tashi a ranar, in babu ya shiga jirgin ƙasa a Rigasa zuwa Abuja, daga can awa ɗaya da 'yan mintoci ne a sama zuwa Ikeja. Mai bin mota yana da tashar Mando da ta Television. Hanya biyu ce: ta Birnin Gwari, Tegina, Mokwa, Jabba, Ilori, Badun, wadda ta fi kusa, da ta Abuja, Lakwaja, Okene, wadda ta fi nisa. Kafin ka biya kuɗi tambayi direba wacce zai bi, ka kuma tambayi 'yan kamasho halin da hanyar take ciki a makon nan, don su ne ke da labarin jiya. Ni ina zaɓar motar da za ta tashi da asuba ta bi ta Lakwaja, ko da za ta fi cin lokaci. Ko wacce ka bi, sa a ranka yini guda cur ne har da dare, kuma ka kwana a Legas. Kada gajiya ta sa ka ce bari ka ƙarasa Badagry a daren.

Da safe sai ka yi sammako, kuma akwai dalili. Da sassafe jama'ar Okokomaiko da Agbara, da ke kan hanyar Badagry, cikin Legas suke shigowa aiki, kai kuma fita kake yi, saboda haka hannunka a sake yake. Da yamma lamarin ya juye, duk wanda ya shigo yana komawa, ku haɗu a cunkoso ɗaya. Idan a tsibirin Legas ka kwana, jirgin ƙasa na Blue Line da ya fara ɗaukar fasinja a Satumbar 2023 zai kai ka daga Marina ta Legas zuwa Mile 2, da katin Cowry ake shiga. A Mile 2 akwai motocin Badagry kai tsaye. Idan kuma wajen 'yan'uwa ka sauka a Agege, ba ka da buƙatar Mile 2: bi ta Iyana Ipaja da Igando ka faɗo Iyana Iba, kusa da jami'ar jihar Legas, ka kama babban titin daga nan. Alaba Rago na nan kusa, inda za ka ji Hausa ta ko'ina, ka sha shayi, ka ci abin da ka saba kafin ka miƙa. Nemi motar da ta ce Badagry ɗin kanta, ka tabbatar da bakin kwandasta, domin wasu a Agbara suke juyawa su bar ka da neman wata.

Daga Agbara zuwa gaba za ka fara ganin shingaye, kuma suna ƙaruwa in ka doshi Seme. Hanyar kan iyaka ce, akwai kwastan, da jami'an shige da fice, da 'yan sanda, da sojoji. Riƙe katin ɗan ƙasa ko na zaɓe a aljihun gaba, kada ka tura shi ƙasan jaka. Mai kama da mu ana yawan tambayarsa daga ina, saboda 'yan Nijar da sauran ƙasashe ma suna bin hanyar. Ka amsa a natse, ka nuna kati, ka faɗi inda za ka. Yara ma a taho musu da wata shaida, ko ta makaranta ce.

Masauki akwai daidai aljihun kowa, daga ƙananan otal na cikin gari zuwa wuraren shaƙatawa irin Whispering Palms da ke Iworo a bakin gulbi, kafin a shiga gari. Ni na fi son in sauka kusa da tsohon gari don in riƙa takawa da ƙafa. Abu uku nake tambaya kafin in ajiye jaka: ƙarfe nawa ake tada janareta kuma ƙarfe nawa ake kashewa, tagogi suna da raga, sannan akwai mashaya mai kiɗa a harabar? Na ukun nan kada ka ji kunyar tambayarsa, musamman daren Juma'a da Asabar, in da iyali kake. Riƙe tsabar kuɗi ƙanana. Masu POS suna nan, amma kuɗin shiga gidajen tarihi, da na jirgin ruwa, da ɗan ihsanin mai yi maka jagora duk hannu da hannu ne.

Ranar da ka iso, ka ba tsohon gari. Wuraren suna kusa da juna a gefen Marina, ƙafa ta isa, in rana ta yi zafi ga acaba da keke. Ni ina farawa da gidan tarihin Badagry, wanda ke cikin tsohon ofishin Di'o da aka gina a 1863, shekarar da Turawan Ingila suka haɗe garin da mulkinsu na Legas. Ɗakunan a jere suke, daga yadda ake kamo mutane, zuwa jirgi, zuwa gonakin Amurka, zuwa hana cinikin. In ka fara da nan, sauran wuraren za su zauna maka daidai a kai.

Daga nan sai gidan Seriki Williams Abass, kuma nan ne nake so ka daɗe. Ginin na shekarun 1840 ne, kurkukun ajiye bayi na fataken Burazil, mai ɗakuna 40 kewaye da tsakar gida da rijiya. Kaɗan daga ɗakunan aka bari yadda suke, sauran zuriyarsa na zaune a ciki, za ka ga shanya da yara suna wasa. Ka shiga da sallama kamar yadda za ka shiga gidan kowa. Shi Abass ɗin Bayarabe ne da aka kama yana yaro aka sayar, ya ɗauki sunayen iyayen gidansa biyu, daga baya ya zama babban dillalin bayi da kansa, ya zama shugaban Musulmin garin, ya rasu a 1919, kabarinsa na cikin gidan. Masu jagora za su nuna maka wata tsohuwar laima su ce mutum 40 aka bayar aka karɓo ta, su ce igwa mutum 100 ce, su ce kowane ɗaki mutum 40 ake cusawa. Alƙaluman nan daga bakin gidan suke, haka suka gada. Kai dai shiga ɗakin, ka ce a turo ƙofa na minti ɗaya, ka dubi 'yar tagar da ke sama. Yaro ƙarami kada a rufe da shi.

Gidan tarihin iyalan Mobee na nan kusa, ɗaki ne ƙarami amma ƙarafan da ke ciki na ainihi ne: sarƙar wuya, da mari, da na yara, da kwadon da ake huda leɓe a datse. Za a ce ka ɗaga sarƙar ka ji nauyinta, ka ɗaga. Abin da ban so shi ne a rataya ta a wuya ana dariya ana ɗaukar hoto, kuma za ka ga masu yi.

Ga inda mu muka shigo labarin. Yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan jihadin 1804 sun samar da kamammu daga kowane ɓangare, an riƙa gangarowa da su kudu ta ƙasar Oyo, ana sayarwa a tashoshin wannan gaɓar: Legas, Badagry, Porto-Novo, Ouidah. Ingila ta haramta wa mutanenta cinikin a 1807, amma jiragen Fotugal da Burazil sun ci gaba da lodi shekaru da dama, Burazil ba ta soke bauta ba sai 1888. Da yawa daga Hausawan da aka kwasa, a Bahia ta ƙasar Burazil suka ƙare. A can an gano shirin tawayen bayi Hausawa a birnin Salvador a 1807, sun sake tashi a 1814, sannan a Janairun 1835, cikin azumin Ramadan, Musulmi bayi da 'yantattu, akasari Yarabawa tare da Hausawa, suka yi babban boren da ake kira na Male. An samu layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Bayan boren aka koro wasu zuwa wannan gaɓar, suka haɗu da sauran masu dawowa da ake kira Aguda. Waɗanda ba a kai ga loda su a jirgi ba, wasunsu sun tsere daga iyayen gidansu suka fake a Legas, daga cikinsu ne Baturen mulki John Glover ya kafa 'yar rundunar Hausawa a 1863, wadda sojan Najeriya ke ƙirga asalinsa daga gare ta. Ba kowane mai jagora ne zai kawo maka wannan ba, shi labarin gidansu ya sani. Kai ka tafi da naka. Kuma kada ka tsaya kana girgiza kai kamar abin na wasu ne, kasuwannin bayi sun ci a biranenmu, dokar da ta soke bauta gaba ɗaya a Arewa sai a 1936 aka yi ta.

A kasuwar bayi ta Vlekete, wadda mutanen garin ke kai tarihinta zuwa 1502, gwamnatin Legas ta gina gidan tarihi na zamani. Wurin yana da wata alaƙa da mu. Daga Badagry Baturen nan mai yawon bincike Hugh Clapperton ya tashi a Disambar 1825 a tafiyarsa ta biyu, ya bi ta tsohuwar Oyo da Bussa, ya ratsa Zariya zuwa Kano, ya isa Sakkwato wajen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a can ya mutu a Afrilun 1827. Baransa Richard Lander ya dawo da takardunsa har Badagry, inda fataken bayi 'yan Fotugal suka zuga cewa ɗan leƙen asiri ne, aka sa shi shan gwaji mai guba a wurin tsafin Vlekete, ya sha ya rayu. A 1830 ya dawo da ƙaninsa John, suka sake tashi daga nan, suka bi Kwara daga Bussa har inda ta faɗa teku. Hanyar da ka sha wahalarta a mota yini guda, watanni suka yi a kanta. Wurin tsafin yana nan har yau, mai son gani ya gani daga waje, ba dole sai ka shiga ba, kuma kada ka ɗaga waya sai ka tambaya.

Sai benen nan da ake ce wa na farko a Najeriya, wanda Rabaran Gollmer na mishan ɗin CMS ya kammala a 1845. Ka hau, matakalar katako ce, a hankali. A sama akwai ɗakin Samuel Ajayi Crowther, wanda shi ma bawa ne da aka ƙwato daga jirgi a 1822, ya zama bishop baƙar fata na farko a cocin Angilika a 1864, da tsohon Baibul na Yarabanci da ya yi aikin fassararsa. Maganar na farko kuwa, ɗan Arewa zai yi murmushi. Clapperton ɗin nan ya kwatanta gidaje masu bene a Kano tun 1824, Hasumiyar Gobarau ta Katsina kuma ta girmi wannan gini da ɗaruruwan shekaru. In aka ce bene na farko irin ginin Turawa, ba gardama. Ni ba na tsayawa jayayya da yaron da ke zagayawa da ni, abincinsa yake nema, kuma ginin ya cancanci gani. Ba nisa da nan akwai dogon ginshiƙin da aka kafa a gurbin bishiyar Agia, inda ɗan mishan Thomas Birch Freeman ya yi wa'azin Kirista a Satumbar 1842, aka kuma yi bikin Kirsimeti a Disambar shekarar. Bishiyar ta faɗi a 1959. Minti biyar ya ishe ka a nan, sai dai in da abokan tafiya Kirista kake, su a ba su lokacinsu, don wurin yana da girma a wajensu.

Washegari bayan ka karya, kafin ƙarfe takwas, ka kasance a bakin ruwa a Marina don hayewa Gberefu, inda ake kira mashigar da ba a dawowa. Ka yi ciniki kafin ka sa ƙafa a jirgi, kuma cinikin ya zama na zuwa da dawowa, ku yanke lokacin da zai zo ɗaukarka, ka karɓi lambarsa, rabin kuɗin ya zauna a aljihunka sai an dawo. Rigar kariya daga nutsewa dole ce ga kowa har jariri, ka duba igiyoyinta suna ɗauruwa. Jirgin da aka cika maƙil ka bar shi ya tafi, wani na zuwa. Hayin kansa 'yan mintoci ne. Daga inda aka sauke ka zuwa bakin teku tafiyar ƙafa ce ta kamar rabin awa a cikin yashi, inuwa kaɗan ce, shi ya sa na ce da safe. Wanda ya zo da azahar zai gane kurensa. Dattijo ko mai ciwon gwiwa ya hau babur, akan samu a tsibirin. Ɗauki ruwan sha daga gari.

A tsakiyar hanya akwai rijiyar da ake cewa an yi mata asiri, ana tilasta wa bayi su sha don su manta gida. Ka leƙa ka wuce, ba ta sha ba ce. Daga nan za ka fara jin rurin tekun kafin ka gan shi. A ƙarshen hanyar akwai ginin tunawa, bayansa kuma ruwa ne har iyakar gani. Manyan jirage ba sa iya matsowa gaɓar nan, can nesa suke tsayawa, a riƙa kai musu mutane a kwale-kwale ta cikin wannan igiyar da kake gani tana dukan yashi.

Kan igiyar nan zan ja kunne da ƙarfi. Wanda ya koyi iyo a kogin Kaduna, ko a Kabala ko a bayan Gamji, kada ya ɗauka ya iya wannan. Gaɓar tana da gangara, ruwan da ya bugo yana komawa da ƙarfi ta ƙasa, ya zare yashin da ke ƙarƙashin ƙafarka, akwai kuma wuraren da yake yin hanya ya ja mutum ciki kai tsaye. A yawancin bakin tekun nan babu mai ceto. Tsaya inda ruwa zai taɓa idon sawu, kada ka juya wa teku baya don hoto, yaro kuma hannunsa a naka. In masunta suna jan taru, tsaya ka kalla, ka sa hannu in sun yarda, a nan za ka sayi kifi da ɗanyensa. Ka koma gari tun rana na sama, ba a hawa ruwan nan da duhu.

Maganar salla da abinci ba ta da wuya. Musulmi suna da yawa a garin, masallatai na nan cikin unguwanni. Ruwan teku yana alwala, hadisi ya tabbatar da tsarkinsa da halaccin abin da ke cikinsa, sai dai kurkurar baki da shi sai mai haƙuri. Teku a kudu yake, in ka fuskance shi gabas na hagunka, alƙibla kuma gabas ce ta ɗan karkata arewa, kusan yadda muke yi a gida. Lokaci ne ke da bambanci: garin yana yamma da Kaduna sosai, azahar ɗinsu tana bayan tamu da kusan minti 18, saboda haka kada ka bi jadawalin da ke manne a kanka, bi ladanin wurin. Abinci kuwa ka ci kifi, shi ne arzikin garin, da jatan lande da ƙaguwa ga mai ci. A buka ka nuna abin da kake so da yatsa, ka tambayi naman miyar kafin a zuba. In nama kake marmari, jira yamma ka nemi mai tsire, ɗan gida ne, shi zai gaya maka inda mutanenmu suke zama da inda ake tuwo. Ruwan kwakwa a sare maka a gabanka. Abin da ake zubawa fari a kofi a bakin teku bammi ne, a gaya wa yara tun kafin su miƙa hannu.

Da dare, ko a wani biki, kana iya cin karo da Zangbeto, dodon Egun mai kama da tarin ciyawa yana juyi. A al'adarsu shi ne mai gadin gari. Ka kauce masa a hanya, kada ka taɓa, kada ka haska shi da waya. In kuma an ce yau kada a fita bayan ƙarfe kaza, to kada ka fita, mai masaukinka zai sanar da kai in ka tambaya. Mai son ganin raye-raye da gangar Sato, doguwar gangar da sai an yi tsalle ake kaɗawa, ya daidaita zuwansa da bikin garin na watan Agusta, wajen ranar 23 da UNESCO ta ware don tunawa da cinikin bayi. Amma ya san masauki zai yi tsada kuma ruwa na iya sauka.

Da yammar rana ta biyu, in da sauran ƙarfi, ɗauki mota a shataletalen garin zuwa hanyar Seme. Bayan gadar Gbaji titin yana bin tudun yashin nan, teku na hagunka, akwai bakin ruwa na Suntan da rumfunan ganyen kwakwa da ake haya. Ranakun aiki shiru ne, ka shimfiɗa darduma ka sha iska. Lahadi da ranakun hutu kiɗa ne da cunkoso da shigar da ba za ka so ka zauna da surukarka a ciki ba.

Tsallakawa Benin ba wuya ga mai takarda. Kana buƙatar fasfo ko takardar tafiya ta ECOWAS, da katin rigakafin cutar shawara, babu biza. Ka bi ta ofishin haɗin gwiwa na Seme-Krake da aka buɗe a 2018, a buga maka hatimi shiga da fita. 'Yan acaba za su kewaye ka su ce za su wuce da kai ta gefe ba tambaya, kada ka yarda, ranar dawowa ce za ta ba ka wuya. 'Yan canji a bakin iyaka da yawansu Hausawa ne, ka tambayi farashin sefa wajen mutum biyu ko uku, ka ƙirga a gabansu. Kwatano bai kai awa ɗaya ba in hanya ta yi kyau, da kasuwanninta da unguwar Zango. Ouidah, mai irin wannan tarihin da tata ƙofar a bakin teku, tana gaba da Kwatano da kamar kilomita 40, amma wannan sai ka ƙara kwana. In kwana biyu kawai gare ka, ka bar Benin sai wani zuwan.

Tsaraba a kasuwar Agbalata ake yi. Tambayi ranar da take cika, don ba kullum take ɗaya ba. Kwakwa ka girgiza ka ji ruwa, ka duba idanunta uku ba su jiƙe ba. Man kwakwa ka shinshina, mai kyau ba ya ƙauri, ka sa a naɗe murfin da leda, kuma in jirgin sama za ka hau ya shiga babbar jaka, ba ta hannu ba. Kifi banda ka zaɓi wanda ya bushe ƙarau, mai sauran laima ba zai kai Lakwaja da mutuncinsa ba. Akwai tabarmi masu kyau saƙar matan yankin. Shinkafar waje da kajin kankara kuwa, kome arharsu, kada ka saya, kada kuma ka karɓi saƙon wani a tasha ka riƙe masa, kayan da kwastan ke nema ke nan a kowane shinge.

Dawowa lissafin cunkoso ya juye maka, yanzu kai ne mai shiga Legas tare da masu zuwa aiki. Ko dai ka tashi kafin asuba ka yi salla a hanya, ko ka jira sai wajen goma na safe. In jirgin sama za ka kama a Ikeja, sayi tikitin yamma, ka ba hanyar awa huɗu ko da an ce maka biyu ta isa. Mai komawa da mota ya kwana a Agege ko Alaba Rago, ya yanki tikiti tun daren, ya kama ta asuba.